Gammo

Shekara bakwai idon Inna Tasalla na hagu yana rawa.
Da fari fatar idon ce kaɗai,
kamar fara a cikin dunƙulen hannun yaro.
Matan unguwa suka ce: baƙo za ki gani.
Ta ce: Asumana ne.
Asumana da ya tafi bida Abijan da jaka ɗaya,
wasiƙa biyu, hoto ɗaya a gaban shagon wani,
daga nan shiru.

Rawar ta gangaro kumatu,
ta kama gefen baki ta ja shi sama
kamar tela ya tsuke zare ya manta bai sake ba.
Ta bar zuwa suna.
Ta bar kai albasa kasuwar Tawa
tun ranar da wani mai saye ya zaci ƙifce take masa,
ya yi murmushi, ya rage tayi.

An sha rubutu, an yi hayaƙi.
Allurar kumatu ta ci tumaki biyu,
wata uku ta kwanta,
ta dawo kamar mai bin bashi da ya san ƙofa.

Ni na kai ta Yamai.
Ƙonni, Dogonduci, Doso,
tana rufe rabin fuska da mayafi
kamar mai ciwon haƙori.

Likita Seini, Bazabarme, Hausarsa na ɗingishi,
ya ɗaga hoton kanta ga fitila.
Ga jijiyar fuska, in ji shi, ga ta jini ta kwanta kanta.
Duk bugun da zuciya ta yi, sai ta taɓa ta.
Zuciyarki ce ke ƙwanƙwasawa, Inna.
Ta ce: Wannan ai na sani, ɗana.

Ya ce zai huda bayan kunne, faɗin dala,
ya ɗaga ɗaya, ya sa ɗan abu mai laushi tsakani.
Ta ce: Gammo ke nan.
Ya dube ni. Na ce, abin da ake sa wa kai kafin a ɗora tulu.
Ya yi dariya, ya rubuta kalmar a bayan takarda.
Bai ɓoye sauran ba:
saba'in da ɗaya ba ƙuruciya ba ce,
ga hawan jini, kuma kunnen yana iya yin nauyi.

Daren, a tabarmar ƴan jinya, ta taɓa ni.
In ya daina rawa, Bintu,
da me zan san yana tafe?
Ban da amsa. Na ci gaba da kwance mata kitso.
Da safe ta dangwala yatsa a tawada da kanta.

Awa huɗu.
Na ƙirga tayil ɗin baranda, na ɓace, na sake.
Wata mata daga Tera ta ba ni rabin lemo,
ba mu da harshe ɗaya, mun dai tsotsa.
Aka kira azahar can wajen kogi.

Da ta farka, kai naɗe da farin bandeji,
na tsaya ina jiran kumatun ya motsa.
Bai motsa ba.
Fuskar da na sani ina ƙarama ce ta dawo,
ta tsufa a ɓoye ba tare da mun gani ba.
Ta roƙi madubi, ta daɗe,
ta ce: Ashe haka uwata take.

Yanzu muna gida.
Ta koma kasuwa, tana tsawata wa masu tayi da ido biyu.
Kunnen hagun ya ɗan yi nauyi, kamar yadda aka faɗa.
Ba ta koka ba.
Ta dai juya shimfiɗarta,
kai inda ƙafa take,
don kunnen dama ya fuskanci ƙofar gida.