Man Kaɗanya a Agege

Ƙarfe ɗayan dare aka ɗauke wuta.
Fanka ta yi juyi biyu, ta sallama.
Janaretan maƙwabta ya tashi da tari,
ke ma kika tashi da naki,
Hurera, 'yar wata huɗu,
ciki ya yi tauri kamar ganga,
ƙafafu na naushin iska.

Uwarki tana Ikeja, aikin dare,
tana juya majinyatan wasu.
Ta bar mini nono a kwalba,
ta bar lambar waya har uku a jikin bango,
hannunta ne kawai ba ta bari ba.

Na haska nawa da tocila.
Hannun da ya yini sauke buhunan albasa a Ketu,
kanta a tafi, faso a yatsu,
sabulu uku bai kore warin ba.
Wallahi kunyar taɓa ki na ji.

Na yi jijjiga, na yi zarya
daga ƙofa zuwa taga, taku huɗu ne ɗakin.
Na yi rarrashi da duk abin da na sani.
Kika ƙi.

Sai Iya Rasaki ta buga bango,
can kuma ta buga ƙofa,
ɗaurin ƙirji, ido duk barci,
da ɗan gwangwani a hannu.
"Ori," ta ce.
Na shinshina. Ashe man kaɗanya ne,
shi ɗin dai na kakata a Bakori,
ya riga ni zuwa Ikko, har ya sake suna.

Na miƙa mata ke. Ta girgiza kai.
Hausarta ba ta kai cikin cokali ba,
Yarabancina na cinikin kasuwa ne,
sai ta kama damtsena ta yi mini darasi a kai:
nan, haka, ba da ƙarfi ba.
"Rora," ta ce. A hankali ke nan.

Na narka man a tsakanin tafuka
har ya ɗauki ɗumin jikina.
Na fara da tafin ƙafa,
wanda bai taɓa taka ƙasa ba,
bai san kwatar layinmu ba,
bai san gudun tsallaka titi ba.
Yatsu goma, na bi su ɗai-ɗai
kamar mai jan carbi.

Sai ciki. Zagaye, zagaye,
yadda ake dama kunu kada ya yi gudaji.
Na naɗe gwiwoyi zuwa cibiya, na sake,
na tuƙa miki keke babu hanya.
Kukan ya ragu, ya koma ƙorafi,
ƙorafin ya koma sauraro.

Can sai ga tusa,
doguwa, mai iko, ta fi ƙarfin mai ita.
Iya Rasaki ta dafa ƙofa tana dariya,
ni ma na yi, har da hawaye,
ban san na wane dalili ba.

Na kifa ki a cinyata.
Bayan nan duka bai fi tafina ba.
Daga wuya zuwa ƙugu, daga wuya zuwa ƙugu,
ruwa ya sauko a kan kwano,
jirgin ƙasa ya yi kuka can nesa,
kika kama ɗan yatsana kika tafi da shi barci.
Ban karɓe ba. Ƙafata ta mutu, ban motsa ba.

Da asuba 'yan kwandasta suka fara kiran Oshodi.
Zinatu ta shigo, takalmi a hannu, lema na ɗiga.
Ta shinshina wuyanki,
ta juyo ta kama hannuna ta duba.
Fason ya yi laushi.
Ta ce, "To, wa ya shafa wa wani?"