Awon da Ya Rage a Hannuna

Shekara goma sha tara ina kan sikeli
a gidan gurzar auduga na Garwa.
Na auna fari har gashina ya yi koyi da shi.
Wata Alhamis aka kira mu ofis,
mu talatin da ɗaya, a jere kamar masu jiran allura.
Takardar da Faransanci take,
amma ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya karanta ta
a fuskar akawu,
wanda ya ƙi ɗaga kai.

Suka ce ba laifinmu ba ne. Inji ne ya zo,
yana awo, yana rubutu,
ba ya zuwa jana'iza,
ba ya roƙon bashi a tsakiyar wata.
Na miƙa mabuɗi.
Biron da ke bayan kunnena na manta ban mayar ba,
sai a gida Dijatu ta zare min shi.

Ban faɗa mata ba.
Kwana goma sha ɗaya ina fita da sassafe,
in goge takalmi, in tada babur,
in je in zauna ƙarƙashin gadar Binuwai
ina kallon masu wanki suna dukan zane a kan dutse,
da dorina tana leƙo hanci tana mayarwa,
ita ma kamar mai abin ɓoyewa.
In jiniya ta yi kukan tashi, ni ma in tashi.

Rana ta sha biyu ta ajiye min kunu, ta ce,
"Baban Abbo, rigarka ta daina zuwa da auduga."
Ba ta ƙara ba.
Ashe mai wanke maka riga
ta fi ɗan duba sanin asirinka.

Kuɗin sallama suka sauka kamar ruwan farko:
sama ta jiƙe, ƙasa na nan da ƙishinta.
Makarantar Abbo ta sha, mai shinkafa ya sha,
kwanon ɗaki da ke yoyo ya lashe saura.
Wayata mai kukan ɗan akuya
ta koyi kawaici.
Masu ce min "shef" a masallacin Yelwa
suka tuna Ilyasu ne sunana.
Da fari ya yi min zafi,
sai na tuna shi aka yanka wa rago
tun kamfani bai aza tubali ba.

Buba Jidda ya nufi Kusiri da jaka ɗaya.
Hamman ya sayar da fili, ya kwanta, bai tashi ba.
Ni ban tafi ba, ban kwanta ba,
ban kuma san sunan abin da nake yi ba.

Wata Lahadi a kasuwar Pitowa,
na je kashe wuni ne kawai,
wata 'yar Lagdo da buhun busasshen kifi
suna cacar baki da mai saye.
Ban san lokacin da hannuna ya kama bakin buhun ba.
Na ce, "Ashirin da uku, da rabi."
Aka ɗauko sikeli daga rumfar mai gyaɗa,
allura ta yi rawa, ta yi rawa,
ta tsaya inda na tsaya.
Kifi huɗu ta ba ni a ƙunshin takardar siminti.
Ban taɓa riƙe albashi da hannu biyu ba sai ranar.

Yanzu ina da tsohon sikeli na 'yan gwangwan,
rataye a reshen darbejiya.
Dala goma kan buhu.
Albasa, gyaɗa, kifi, wani sa'in tunkiya mai gardama.
Wata rana in ƙirga har yatsu su gaji,
wata rana inuwa kawai nake aunawa.

Ba zan ce na warke ba.
In iska ta kawo jiniyar safe daga hayi,
ƙafata takan nemi takalmi da kanta.
Sai in ce mata ta zauna, mu sha shayi.

Jiya Dijatu ta ɗaga rigata da yatsa biyu,
ta toshe hanci, ta ce ƙarni zai kore ta daga gidan.
Ta kai ta bakin randa tana mita,
kafin ta jiƙa, na ga ta sake sunsunawa.