Kunnen Mai Kankana

Babana bai taɓa yanka kankana don ya san cikinta ba.
Ɗaga ta yake zuwa kunne,
ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa sau biyu,
ya ce wannan ta nuna,
wannan a ba ta kwana uku,
wannan kuwa ruwa ya cuce ta tun a gona.
Shekara ashirin da bakwai a kasuwar Mil Sha Biyu,
ba wanda ya dawo masa da ko ɗaya.

Ran da na kawo takardar shiga kwaleji a Yaba
ya juya ta gaba da baya.
"Kiɗa? Har da biyan kuɗin makaranta?
Gidanmu ba makaɗi, ba maroƙi, Ilu.
Wa ka gado?"
Na yi shiru. Inna ta ƙara wa shayinsa sukari.

Can kuma ba kiɗa kaɗai aka ɗora mana ba.
Litinin falsafa, wurin wani malami mai yawan tari,
Laraba lissafi,
Alhamis tarihin teku da abin da jirage suka kwasa.
Na yi ƙorafi, na ce ni sauti na zo koya.
Madam Fashakin ta ɗaure tsirkiya a kan tebur,
ta kaɗa, ta danne tsakiyarta da farce, ta sake kaɗawa.
"Ka ji? Rabin tsawo, murya ta hau.
Ga lissafin naka nan yana kuka."

Na koyi karanta baƙaƙen ɗigo a layi biyar,
rataye kamar fasinjoji a ƙofar danfo.
Amma yatsuna sun makara.
Yaran da suka fara tun haƙoransu na nono
suka wuce ni kamar acaɓa a cunkoson Oshodi.
Sau biyu ina faɗuwa jarrabawar fiyano.

A ta biyun, kafin in bar kujera, na ce,
"Madam, na tara daga hagu ba shi da lafiya."
Ta taɓa. Ta ƙara taɓawa. Ta cire tabarau.
"Wa ya koya maka ji?"

Yau 'yan ajinmu sun watsu.
Nkiru na koyar da yara a Surulere, muryarta ta dushe.
Tobi yana haɗa sautin fim, rabonsa da barcin dare an jima.
Ebiere tana asibiti da jitarta,
tana yi wa masu shanyewar jiki kiɗa har yatsunsu su tuna.
Wanda ya fi mu iyawa duka yana banki.

Ni jaka gare ni, da sifana guda, da jan ƙyalle.
Iskar Ikko gishiri ce,
tana lasar tsirkiya da daddare har ta saki,
ita ke nema mini abinci.
Coci, otal, falon masu kuɗi a Ikoyi,
ina zuwa kafin baƙi,
ina fita ta ƙofar kicin.
In an tafa wa mai kwat da yamma
ina kan doguwar gada, ban ji ba.

Wata Asabar na ja Baba zuwa wani zaure a Onikan.
Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ba wanda ya sa shi.
Ya zagaya baƙin akwatin,
ya ƙwanƙwasa gefensa sau biyu.
Na sa sifana, ina ɗaurewa a hankali,
sauti biyu suna kokawa, suna rawa, suna matsowa.
Kafin hannuna ya tsaya sai ya ɗaga nasa:
"Bari haka. Ta nuna."

Daidai wurin ne. Ko gashi bai kuskure ba.

A danfo ya tambayi nawa aka ba ni.
Na faɗa.
Ya lissafa da yatsu a kan gwiwa.
"Kankana arba'in," ya ce,
ya juya yana kallon ruwa.