Sanholo Ba Ya Ja

Ubana maƙeri ne a Kuryar Madaro,
da ido yake karanta ƙarfe:
in ya yi ja kamar gauta, a ƙara zuga,
in ya koma ruwan ƙwai, a ɗora a uwar maƙera.
Ni kuwa Allah ya haɗa ni da sanholo,
ƙarfen da ba ya ja, ba ya nuna fushi,
fari fat yake har ya zube ruwa a wuta.

Ƙauran Namoda, ɗakin gwaji na ƙarshen baranda,
ranar Laraba Labbo ya shigo da buhu:
ƙafafun girke faifan sola, ɗari biyu da sittin,
na rijiyoyin burtsatse ne a ƙauyukan gabas.
"Malama Barira, sa mini hannu kawai.
Mun gasa su ɗari biyar da talatin,
mun tsoma su a ruwa kafin su yi numfashi,
mun maida su tanda awa takwas cur.
Babu abin da munka manta."

Ban ce ƙarya yake ba.
Na yanko ɗan guntu kamar rabin ƙwayar dawa,
na wanke, na auna, na sa a ɗan kasko.
Kusa da shi wani kaskon, wayam,
don shaida ɗaya ba ta yanke shari'a.
Na rufe murfi. Zafi ya fara hawa,
digiri goma kowane minti,
tafiyar mai tulu a ka:
ba a gudu, ba a huta.

Sanholon da ya nuna a tanda
ya riga ya gama aikinsa a can.
Ƙananan ƙwayoyi sun taru a cikin jikinsa,
sun riƙe shi yadda ramno ke riƙe ƙasar gini.
In na sake ɗumama shi, ba shi da sabon zance,
layi ya wuce wurin a kwance.
Amma wanda aka sauke bai nuna ba,
a gabana zai ƙarasa,
ya saki zafin da ya ɓoye,
na'ura kuma ta rubuta.

Ɗari biyu. Ɗari biyu da ashirin.
Labbo yana taunar tsinken ashana.
Wajen ɗari biyu da hamsin
layin ya ɗago, ya yi tozo,
tozon bijimin da ya sha harawa.
Na juya masa allon, ban ce komai ba.
Bai yi boko ba, amma tozo
ba sai an je makaranta ake ganin sa ba.
Ya cire hula, ya duba cikinta.

"Gas ya ƙare wa janareta, ƙarfe biyu na dare.
Mudi yaro ne, barci ya sace shi.
Da asuba anka sake tayarwa.
Agogo dai ya cika takwas."
Agogo ya cika, na ce, tanda ce ba ta cika ba.
Iskar farkon damina ba ta tambayar agogo,
in ta taso daga gabas
za ta lanƙwasa ƙafafun nan kamar karan rama,
faifan ya kife, famfo ya yi shiru,
mata su koma rafi da ƙafarsu.
Ba su lalace ba. Mayar da su, awa biyar,
ka zauna da kanka, kada ka kwanta.

Ya tambayi kuɗin gas a bakinsa, a hankali,
ya saɓa buhu, ya bar mini ƙullin gyaɗa.
Takardar na nan, ban sa hannu ba.

Ran Juma'a na kai wa Baba hoton layin.
Idonsa ya yi hazo yanzu,
ya kawo takardar har kan hanci,
ya daɗe, ya juya ta sama da ƙasa.
"Wannan ƙarfen naku," ya ce,
"ashe yana ja. A ciki yake yi."
Ya miƙo mini, ya ce in ƙara gawayi,
ruwan alwalarsa yana kan wuta.