Mai Tsaron Ƙofa Ya Tuna

Shekara talatin da ɗaya makullin zauren nan yana aljihuna.
Na san takun kowane ɗan majalisa tun daga gindin bene,
mai jan ƙafa, mai sanda, mai sabon takalmi na bashi.
Takun ran nan kuwa, ban san shi ba.

Su uku ne, ruwan sama ya jiƙa musu mayafi.
Gavina, malamar makaranta daga garin masu haƙar kwal.
Efisia, ungozoma, hannunta kamar na masassaƙi.
Sai ƙaramarsu, Bonaria, daga bakin teku inda ake dafa gishiri,
ta rungume jaka kamar an ce za a ƙwace.

Na miƙa hannu na tare hanya.
Na ce, "Matan manya ta can suke bi, sama, wurin 'yan kallo."
Gavina ba ta ɗaga murya ba.
Ta warware takarda mai hatimi, ta kai min ita har hanci,
ta ce, "Ka iya karatu, ko in karanta maka?"
Na iya. Na karanta. Na ja gefe.
Hular kaina ta yi min nauyi har azahar.

A ciki maza hamsin da bakwai suka yi tsit.
Shugaban zama ya juya littafin ƙa'ida gaba da baya,
bai sami abin da zai kira su da shi ba.
Ya ce, "Ya ku maza masu daraja," ya yi tari,
ya ƙara da, "da sauran waɗanda suka zo."
Wani a baya ya zuba dariyarsa cikin hannun riga.

Gini hawa uku, amma babu bayan gida nasu.
Wata takwas suna tsallaka titi zuwa gidan mai burodi.
In ana ruwa, ni ke riƙe musu laima.
Ba wanda ya sa ni. Bashin safiyar nan nake biya kaɗan-kaɗan.

Ran da Efisia ta fara miƙewa, ba ta zo da takarda ba.
Maganar hanya ta kawo, wadda ta tsaya a gindin dutse,
daga nan sai jaki, sai addu'a.
Ta ce, "Ga waɗanda naƙuda ta kama, asibiti ya yi musu nisa."
Ta shiga kiran sunaye, ɗaya, sai ta numfasa, ɗaya.
Goma sha ɗaya.
Na bakwai, Mariangela, ƙanwata ce.
Tun da muka rufe ta a ƙarƙashin zaitun
ban ƙara jin wani ya ambace ta a bainar jama'a ba.
Na kama marikin ƙofa da hannu biyu.

Hanyar? Shekara shida kafin a zuba kwalta,
ita ma rabi, sauran sai da jikoki suka girma.
Bonaria ta faɗi zaɓe na gaba, ta koma wa gishirinta.
Efisia ta rasu da jakar ungozoma a gefen gado.
Gavina ta zauna har furfura ta cinye kanta,
har masu dariyar nan suka koyi neman ƙuri'arta a ɓoye.

Hotonsu na nan a lungun da fitila ta mutu,
an rubuta sunan Bonaria ba daidai ba.

Sai bayan shekaru matata ta faɗa min, tana yanka cuku:
"Ka ce in zaɓi mai gashin bakin nan, na ce to.
Akwati ba ya tsegumi."

Jiya wata yarinya ta wuce ni da sauri, takardu a hammata,
waya a kunne, ko kallon ƙofar ba ta yi ba.
Na buɗe mata tun tana nesa.