Yatsun Magatakarda

Ni ke riƙe da littafin ƙungiya,
manoma ɗari da bakwai a fadamar Auyo,
sunan kowa, kadadarsa, bashin takinsa,
ba a taɓa yafe mini sifiri ɗaya ba.

Bara aka raba mana allon shafa,
sumul kamar fuskar ruwan randa.
Na yi bismilla na ɗora yatsa,
gilashin bai san da zuwana ba.

Yatsun da suka sha dashen shinkafa,
kanta ta ɗinka wa kowanne hula.
In shafa ya yi shiru, in danna ya yi tsalle,
in nemi Haladu ya miƙo mini Hashimu,
har Haladu ya zo ƙofata da sanda
jin yaushe ya ci buhu shida bai sani ba.

Ga wahalar riƙo. Hagu ta zama jingina,
dama na tsintar baƙi kamar kaza a masussuka,
haruffa sun cinye rabin allon,
layin da nake bi ban ƙara ganinsa ba.

Sai Talatuwa, 'yar yayata, ta dawo daga Dutse
da 'yar kwamfuta mai murfi kamar akushi.
Ta ce, "Kawu, ɗora a cinya."
Na ɗaga na auna da hannu,
ba ta kai mudun gero ba.

Na buɗe, ta farka kafin shayi ya huce.
Maɓallai na amsawa ƙas-ƙas
kamar mata na ɓarar gyaɗa a zaure.
Fuska ta tsaya da ƙafarta,
yatsu goma suka shiga gayya,
ba a bar ko ɗan autan baya ba.

Caji ɗaya a shagon Mati mai sola
ya kai ni daga hantsi zuwa isha'i.
Amma tana da nata halin:
ran da sabis ya yi yaji
sai na hau tudun firamare da tabarma,
yara na dariya, ban kula su ba.

A watan takwas ruwa ya ci gari.
Jakata ta suɓuce daga kwalekwale,
na zauna bakin gaɓa, hannu a ka.
Talatuwa ta ce, "Tashi mu je Haɗeja,
lissafinka ba a cikinta yake kwana ba."

A shagon wani yaro na ari irinta,
na sa sunana da kalmar sirri.
Ga su nan, ɗari da bakwai, sahu-sahu,
ko gefen rigar ɗaya bai jiƙe ba.

Allon shafa yana ɗakin Inno yanzu,
jikoki na kallon dambe a kai,
can kam ba shi da na biyu.
Ni mai kaushi, a bar ni da abin dannawa.

Haladu kuwa, buhu biyu ne.
Na nuna masa, ya karanta da kansa,
ya gyaɗa kai, ya jingine sanda.
Har yau dai bai biya ba.