Asabar ɗin Mayar da Bindiga a Dayton

Bakwai da rabi Delbert ya ƙwanƙwasa,
maƙwabcina, ɗan shekara saba'in da takwas.
Ya ce, Sallau, motarka tana tashi?
Tawa sanyi ya kashe mata batir.
A hammatarsa wani abu dogo
naɗe cikin bargon marigayiya Lorene,
ya tallafe shi kamar jaririn da aka sallamo daga asibiti.

Na san ko mene ne. Duk layinmu an sani.
Kowace Lahadi yakan zauna a gareji
ya kwance ta gaɓa-gaɓa a kan tsohuwar jarida,
ya shafa mai, ya hura, ya leƙa bututun
da ido ɗaya, kamar mai neman jinjirin wata.
Baƙa ce wuluk, ƙanwar wadda ya riƙe a soja,
cikinta na ɗaukar harsashi talatin.
Ya taɓa ce mini: waccan in ka danna ka riƙe
sai ta yi ta zuba har ta ƙare maganarta,
wannan kuwa sai ka tambaye ta ɗaya bayan ɗaya.
Iyakar abin da doka ta raba su da shi ke nan.
Minti ashirin ya ɓata ranar da ya saye ta,
takarda ɗaya, sa hannu, jiran amsa.
Ni izinin tuƙa tasi wata huɗu ya ci mini.

Sai da muka haye gada ya buɗe baki.
Ran Talata na kira jikana da sunan ubansa.
Ran Alhamis na tsinci mabuɗin akwatinta
cikin firij, kusa da man shanu.
Daren jiya na ji motsi a kicin,
na sauko babu takalmi, yatsana a kan kunama.
Marlene ce, 'yata, ta kawo mini miya.
Ni na ba ta mabuɗin gidan bara.
Ya yi shiru. Na rage rediyon da ba a kunna ba.
Ya ce, ba wanda ya zo ya tambaye ni komai.
Takardar da na cika shekara goma sha biyar baya
har yau tana cewa ƙalau nake.

A harabar coci motoci sun yi layi,
dusar ƙanƙara ta koma laka a ƙarƙashin taya.
Bakin titi wasu maza uku da kwali a hannu:
MUNA SAYE, KUƊI NAN TAKE.
Ɗaya ya ɗaga mana yatsu biyar.
Delbert ya kafa wa gilashin gaba ido.

'Yar sanda ta ce kada kowa ya fito.
Ta buɗe but, ta ja, ta leƙa, ta ɗaura lamba,
ta miƙo katin cefane na dala ɗari
da bargon, ta ninke shi huɗu.
Ya ce, ina za ta kwana?
Ta ce, wuta, Baba. Narkewa za ta yi.
Na tuna Ummulkhairi, 'yata ta aji biyu,
da aka koya wa shiga kabad a makaranta
ta toshe baki da hannu har malama ta ce an gama.
Ban faɗa masa ba. Ba ranar ba ce.

Ya sayi kaza biyu, lemo, kofi, kwan fitila.
Saura dala goma sha ɗaya a katin.
A jar danja ta kusa da gida
ya dafa hannuna, bargon a cinyarsa.
Ya ce, Sallau, gobe in na buɗe akwati na ga wayam
zan ce ɓarawo ne ya shigo.
Ka zo da wuri.
Ka gaya mini ni na kai ta da kaina.